A Koya wa Zango Jinya Kafin Ruwan Yuni

Duk mazaunin Akra ya san abin da ruwan watan Yuni yake yi. Kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, Alajo da Odawna da Circle su koma tafki, hanyar Kaneshie ta toshe, wuta ta ɗauke. A irin wannan dare asibitin Korle Bu yana nan da likitocinsa, haka asibitin sojoji na 37 da na Ridge da na Mamobi, sai dai tsakaninka da su akwai ruwan da ya kai ƙugu. Ko ka kira lambar gaggawa ta 112 an amsa, motar asibiti ba ta tafiya a kan ruwa, kuma ko ranar da garau take, lunguna da yawa a Nima da Sabon Zango da Fadama mota ba ta shiga. Wanda zai fara taɓa mai rauni maƙwabcinsa ne: mai koko, tela, ɗan okada, malamin makaranta.

Ba yau muka fara ganin haka ba. Ranar 9 ga Mayu 2001 mutum 126 suka rasu a turmutsitsin filin wasa na Akra. Daren 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta haɗu da gobara a gidan mai na Circle, inda jama'a suka fake wa ruwa, mutum fiye da 150 suka rasa rayukansu. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, mafi yawansu a Akra da kewaye. A duk waɗannan, mutanen unguwa ne suka riga kowa isa wurin, kuma su ne suka ci gaba da jinya bayan an daina magana a rediyo.

Ra'ayina shi ne a mayar da koyar da jinya aikin unguwa, kowane masallacin Juma'a da kowace makarantar Islamiyya da kowace ƙungiyar mata su sami mutanen da aka horar da hannunsu, maza da mata. Tausayi bai taɓa yi mana ƙaranci ba. Mutum ya faɗi a zango, kafin ƙiftawar ido mutum talatin sun kewaye shi. Abin da ke damuna shi ne abin da hannayen nan sittin suke yi: wannan ya ɗaga shi zaune, wancan ya ɗura masa ruwa, wani ya shafa masa man kaɗanya a ƙuna, a naɗe shi a bayan tasi ƙafa na reto. Kowa alheri ya nufa, amma rabin abin da aka yi ƙara masa ciwo ya yi.

Abu na farko da mai horo yake yi shi ne ya tsaya ya duba wurin. Idan ruwa ya shiga ɗaki, a kashe babban makunnin wuta kafin kowa ya sa ƙafa, mai kashewar kuma ya kasance tsaye a busasshen wuri. Wanda lantarki ya kama ba a taɓa shi sai an yanke wutar. Idan ana jin warin fetur ko gas, ba ashana, ba kyandir, ba taba. Daga nan sai ya raba aiki da baki, yana nuna mutum ɗaya ɗaya: "Ɗan'uwa mai jar riga, kira 112, ka ce musu bayan masallaci ne. Mma, a taimaka da zannuwa masu tsabta. Samari, ku ja mutane baya." Idan aka ce "wani ya kira", babu wanda zai kira. A cikin masu rauni kuma, mai ihu yana da numfashi; wanda ya yi shiru da wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa su ake fara nufa.

Jini ba ya son komai sai dannawa. A ninke tsumma mai tsabta, a ɗora a kan ciwon, a danna da nauyin jiki minti 10 cur ba tare da ɗagawa ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne leƙe: duk ɗagawar da aka yi don a ga ko ya tsaya, an fasa gudan jinin da ya fara daskarewa, aiki ya koma farko. Tsumma ya jiƙe, a ƙara wani a kai, kada a cire na ƙasa. Kwalba ko ƙarfe da ya nutse a jiki a bar shi a wurin, a danna gefe da gefensa, domin sau da yawa shi ne ya toshe jijiyar da ya huda. Idan hannu ne ko ƙafa, an danna kuma jini bai fasa ambaliya ba, sai a ɗaure: ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a sama da ciwon da santimita 5 zuwa 7, ba a kan gwiwa ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a ɗaure sandar. Da zafi ƙwarai, mai ciwon zai roƙa a sassauta, kada a sassauta. A rubuta lokacin da aka ɗaure a jikin ƙyallen ko a goshinsa. Waya da igiya da robar taya yanka nama suke yi, ɗaurin da bai matse sosai ba kuma ƙara zubar jinin yake yi, saboda ya tare hanyar komawarsa bai tare ta zuwansa ba.

Ƙuna ita ce inda al'adarmu ta fi yin ɓarna, don haka zan daɗe a kanta. Fata tana ci gaba da dahuwa daga ciki bayan wutar ta mutu, kuma abin da ke tsayar da hakan ruwa ne kawai, mai sanyin randa, yana zuba a kan wurin minti 20. Minti 20 ɗin da agogo ake auna shi. Mutane da yawa suna dainawa tun lokacin bai cika ba. Ko an makara, yana da amfani har cikin awa uku na farko. Idan famfo ba ya zuwa, a tsoma wurin a baho ana sauya ruwan, ko a huda ledar fiya wata a riƙa tsiyayawa ɗaya bayan ɗaya. Ruwan ambaliya kam, wanda ya kwaso kwata da masai, ba ya kusantar ciwo. Ƙanƙara tana ƙara kashe fatar. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, man kaɗanya, toka, garin kafso, shuɗin maganin nan da ake shafa wa yara, duk babu wanda ya halatta: mai yana riƙe zafi a ciki, ƙwai da toka suna kawo ƙwayoyin cuta, shuɗin kuma yana rufe launin ciwon har likita ya kasa gane zurfinsa, ƙarshenta sai an kankare su duka da azaba. A cire zobe da warwaro da agogo tun kafin kumburi. Tufar da ta manne kada a ja ta, a yanke kewayenta da almakashi. Bororo kada a fasa. A rufe da ledar naɗe abinci a shimfiɗe, ba a naɗe da ƙarfi ba, ko da zane wankakke marar gashi. Auduga mannewa take yi. Sauran jikin kuma a lulluɓe shi, musamman yaro, domin ana sanyaya ƙunar ne, ba mutumin ba.

Girman ƙuna da tafin hannun mai ciwon ake auna shi, haɗe da yatsu, wanda ya kai kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa. Yaro ya wuce tafi 10, ko babba ya wuce 15, yana bukatar ƙarin ruwa a asibiti ko da yana hira lafiya lau, domin ruwan jiki na tsiyaya ta wurin da ya ƙone. Haka ƙunar fuska, hannu, al'aura, ko wadda ta zagaye gaɓa. Wanda gashin hancinsa ya babbake, muryarsa ta dishe, yana tofar da baƙin majina, shi ne na farko a mota ko da fatarsa ba ta nuna komai ba, saboda maƙogwaronsa na iya kumbura ya rufe cikin 'yan awoyi. Korle Bu na da cibiya ta musamman ta masu ƙuna, amma asibiti mafi kusa ake fara nufa. Kafin hanya ta buɗe, idan yana cikin hayyacinsa kuma ba ya amai, a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi kurɓi.

Wanda ya suma yana numfashi, a kwantar da shi a gefensa, ƙafar sama a lanƙwashe, haɓa a ɗan ɗage, baki na kallon ƙasa, don amai ya fita waje. Ba a ba shi komai ta baki, ko ruwa ko rubutu ko madara, sai ya farka ya iya riƙe kofi da kansa. Mai suma ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura huhu yake tafiya. Addu'a a yi ta a kansa, ba ta hana komai. Mai jijjiga ko farfaɗiya ba a danne shi, ba a cusa masa cokali a baki; a kawar da abin da zai buge shi, a sa tsumma ƙarƙashin kai, a duba agogo, ya wuce minti 5 lamari ya zama na gaggawa. Wanda aka ciro daga ruwa ba ya numfashi, ba a juya shi kai ƙasa ko a danna cikinsa wai ruwa ya fito. A ɗaga haɓa, a hura masa iska sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30 da hurawa 2, a yi ta maimaitawa, dannawa 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Wannan kam ba a koyonsa daga rubutu, sai an durƙusa a kan mutum-mutumin koyo mai horarwa yana gyara hannu.

Karaya ba a miƙar da ita. A tallafe da katako ko kwali mai kauri yadda aka same ta, ɗaurin ya kama gaɓar sama da ta ƙasa, a riƙa duba yatsu: sun yi sanyi, sun canza launi ko sun mutu, ɗauri ya matse. Wanda gini ya faɗo wa, ko yake kukan wuya da baya, a bar shi kwance. In dole ne a matsar da shi, mutum huɗu, ɗaya riƙe da kai, a kan ƙyauren ƙofa. Ƙashin da ya huda fata na asibiti ne kai tsaye, ba na mai ɗori ba.

Duk wannan aikin awa ɗaya ne. Abin da aka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi cin rayuka a unguwanninmu, shi ne kwanakin da ke biyo baya, lokacin da ruwa ya janye ya bar laka a ɗaki, masai ya haɗu da bututun famfo, amai da gudawa suka shigo. Mai kwalara yana iya zubar da ruwan da ya kai lita guda cikin awa ɗaya, bayan gidansa fari kamar ruwan wankin shinkafa, ƙato ya kwanta da safe a yi jana'izarsa da yamma. Rashin ruwa ne ke kashe shi, kuma yawancin masu cutar ruwan gishiri da sukari kaɗai ya ishe su idan an fara da wuri. Na fakiti ya fi, a karanta yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa, domin ba duka ne awonsu ɗaya ba. In babu: lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. A shafe, ba a tule ba, kuma cokalin shayi, domin na cin abinci ya ninka shi uku. Gishiri ya yi yawa yana iya jawo wa yaro jijjiga. Sukari ya yi yawa yana janyo ruwa cikin hanji gudawar ta ƙaru, shi ya sa lemon kwalba ba magani ba ne. A ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri. Abin da ya kwana ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo.

Bayarwar ita ce ainihin jinyar, kuma haƙuri take ci. Yaro ƙasa da shekara 2, mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa. Daga 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Babba ya sha iya abin da zai iya. Idan ido ya fara faɗawa, yana shan ruwa da zalama, awon shi ne mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4: yaro mai kilo 10 zai sha leda ɗaya da rabi. Da cokali, duk minti ɗaya ko biyu, uwa ta rungume shi a zaune. Ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Nan ne iyaye da yawa suke karaya su ce cikinsa ba ya karɓa, alhali abin da ya zauna ya fi abin da ya fito. Nono kada a yanke, koko da tuwo mai laushi kada a hana. A haɗa wa yaro da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, miligiram 10 ga wanda bai kai wata 6 ba. A riƙa tsunkular fatar ciki: ta wuce daƙiƙa 2 ba ta koma ba, ko ya kasa sha, ko ya yi laƙwas ba ya gane mutane, ko fitsari ya ɗauke, a ɗauke shi ko a goye ne, ana ba shi a hanya in yana iya haɗiya.

Mai jinya ɗaya ya isa, ba gida duka ba, kuma wanda ke taɓa majinyaci kada ya taɓa tukunya. A nan 'yan dubiya sai su yi haƙuri su gaisa daga bakin ƙofa. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kulorin bisa awon fakitin a jira minti 30, a ajiye a jarka mai murfi, a riƙa tsiyayawa ba tsoma moɗa ba. Bokitin Veronica, wato bokitin wanke hannu mai famfo a jikinsa, wanda 'yar Ghana Veronica Bekoe ta ƙirƙiro, a kafa shi a ƙofar ɗaki da sabulu. Ruwan bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, ga yadda ake sirka shi: awo 1 a ruwa 99 don hannu da kwanuka da tufafi, awo 1 a ruwa 24 don ƙasa da gado, awo 2 a ruwa 3 a zuba kan amai da bayan gida kafin a zubar a masai. Kada a gauraya shi da wani maganin wanki, hayaƙinsa guba ne. Akwai kuma maganar da ta shafi limamai da masu wankan gawa. Gawar wanda ruwa ko wuta ko gini ya kashe ba ta haddasa annoba, a yi mata sutura yadda addini ya tanada, da safar hannu. Gawar mai kwalara daban ce, tana ɗauke da cutar. A sanar da ma'aikatan lafiya su tsaya a kan wankan, kuma masu wankan kada su shiga girkin zaman makoki.

Akwai waɗanda bala'i ke kayarwa ba tare da rauni ba. Tsohon da ke kwance a juya shi duk awa 2, a duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗa. Jan da ba ya gushewa in an danna farkon gyambo ne, jiƙaƙƙen zane kuma shi ke hanzarta shi. Mai ciwon sukari da ke shan magani bai ci abinci ba, ya soma gumi da rawar jiki da sambatu, a ba shi sukari cokali uku a ruwa tun yana iya haɗiya. Mai sikila a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a yawaita masa ruwa. Magungunan hawan jini da katin inshorar lafiya a ƙulle su a leda a rataye sama tun watan Afrilu. Duk yankan da ya taɓa ruwan ambaliya a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a bar shi ba ɗinki, a nemi allurar tetanos da zarar hanya ta samu. Haihuwa ta zo, a goge jariri ya bushe, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata a lulluɓe su, kada a ja cibiya, kada a yanke ta da abin da ba a tafasa ba, bayan mabiyiya ta fito a murza marar uwa har ta yi tauri.

A rubuta komai. Littafin makaranta da biro sun isa: suna, lokacin da abin ya faru, abin da aka ba shi da ƙarfe nawa, sau nawa ya yi fitsari, numfashi nawa a cikakken minti. Babba yana yin 12 zuwa 20. Jariri ƙasa da wata 2 ya kai 60, ko ɗan wata 2 zuwa shekara ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, ko ƙasan ƙirji na lotsawa, huhu ya taɓu. Takardar nan ita ce abu mafi amfani da za a miƙa wa nas a bakin asibiti.

Na san abin da wasu ma'aikatan lafiya za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba: ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Mun ga masu kemis da suka zama likitocin unguwa, suna allura suna ƙarin ruwa a ɗaki. Amma mutanenmu ba jira suke yi a ba su izini kafin su taɓa majinyaci ba, suna taɓawa tun tuni. Zaɓin da ke gabanmu shi ne su taɓa da sani ko da jita-jita. Horon kirki rabinsa haddace iyaka ne: ba allura, ba ƙarin ruwa ta jijiya, ba ɗinki, ba rabon kafso, ba taramol. Maganin rage zafin ciwo farasitamol kaɗai, babba giram 1 duk awa 6 kada ya wuce giram 4 a yini, yaro miligiram 15 ga kowane kilo, asfirin kuma ba na yara ba ne. Zazzaɓin da ya biyo bayan ambaliya a gwada jini kafin a ce maleriya ce. Wasu kuma za su ce wannan sauke wa gwamnati nauyi ne. Nauyin yashe Odaw da gyara kwatoci da buɗe lunguna yana nan a wuyanta, mu ci gaba da nema da babbar murya, ba ya hana mu iya juya mai suma a gefensa.

Masu koyarwa suna nan. Ƙungiyar Red Cross ta Ghana da St John Ambulance suna horar da mutane, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NADMO, tana da ƙungiyoyin sa kai a unguwanni, ga kuma 'ya'yanmu nas-nas da ungozomomi da suka tashi a zango, waɗanda za su yi bayani da Hausa. Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017 ya dace ya ɗauki kuɗin horon, ofishin Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, da sarakunan zango su yi kira, domin kiransu ake amsawa. A yi shi a Fabrairu da Maris, a maimaita kowace shekara, saboda hannu yana mantuwa. Rabin masu koyo su zama mata, tunda su ne a gida da yara da tsofaffi, kuma mace ta fi sakin jiki a hannun 'yar'uwarta. A sa 'yan okada da direbobin trotro, wato ƙananan motocin haya, da 'yan kayaye masu dako a ciki, su ne a kan titi kullum.

Kowane masallaci kuma ya ajiye akwati a wuri mai tudu: safar hannu, bandeji, wankakkun zannuwa a leda, almakashi, ledar naɗe abinci, fakitin ruwan gishiri da sukari, zinc, ƙwayar kulorin, bilic, sabulu, cokalin shayi, ma'aunin zafin jiki, tocila da batir, littafi da biro. A duba ranar lalacewar kayan kafin damina. Makulli ya zama uku a hannun mutum uku da ke kwana a unguwar, ɗaya daga cikinsu mace, a rubuta lambobinsu a jikin ƙofa.